Makauniyar da ta kai gwamnatin Kanada kotu saboda shafukan intanet

Ranar 29 ga Nuwamba 2010 Kotun Tarayya ta Kanada ta yanke hukunci a ƙarar da wata mata mai suna Donna Jodhan ta shigar a kan gwamnatin ƙasar. Mai shari'a Michael Kelen ya ce gwamnati ta tauye wa matar haƙƙinta na daidaito a gaban doka, domin shafukan intanet na ma'aikatu da hukumomi ba sa amfanuwa ga makafi, ya kuma ba gwamnatin wata 15 ta gyara. Jodhan ba ta nemi diyyar ko sisin kwabo ba. Buƙatarta ita ce kotu ta furta da bakinta cewa an nuna mata wariya, ita da sauran masu larurar gani, sannan a tilasta gyara.

Da a wata ƙasa ce mai fama da ƙarancin kuɗi ko ƙarancin ma'aikata, da sai a ce ai dama. To amma Kanada ce. A 1999 gwamnatinta ta yi alkawarin cewa kafin 2004 za ta zama gwamnatin da ta fi kowace a duniya kusanci da 'yan ƙasarta ta hanyar intanet, kuma kamfanin Accenture ya yi ta ɗora ta a matsayi na ɗaya a wannan fanni shekara biyar a jere, daga 2001 zuwa 2005. Tsarin mulkinta ya ambaci naƙasa ƙarara a cikin dalilan da aka haramta nuna wa mutum bambanci a kansu. Ƙa'idar gina shafin da makaho zai iya amfani da shi ma tana nan a rubuce tun 2000, gwamnatin ce ta rubuta wa kanta. Duk da haka sai da mace ɗaya ta shafe shekara biyar tana zaryar kotu kafin a ɗauki maganar da muhimmanci.

Abin da ya same ta

Jodhan mazauniyar Toronto ce, tana da digiri na biyu a harkar kasuwanci daga Jami'ar McGill, kuma sana'arta ba wa kamfanoni da hukumomi shawara kan yadda za su sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman. Kwamfuta abar aikinta ce ta yau da kullum. Wannan ya toshe kafar da aka saba bi a irin wannan taƙaddama, wato a ce mai ƙorafin ne bai iya ba.

Misalai biyar ta gabatar wa kotu. A Satumba 2004 ta yi ƙoƙarin neman aiki a shafin ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tarayya, abin ya faskara sai da mai gani ya sa mata hannu. Buɗe rajista a shafin ma ya gagare ta. A 2006 ta so cike fom ɗin ƙidayar jama'a ta intanet, shekarar da aka fara ba kowane gida wannan zaɓi, ta kasa. A 2007 ta nemi alƙaluman hauhawar farashi da na rashin aikin yi a shafin hukumar ƙididdiga, ta tarar an zuba su a takardar PDF da manhajar da ke karanta mata allo da murya ba ta iya karantawa. A shekarar dai ta nemi bayanin fansho da shirye-shiryen samar da aiki a shafin Service Canada, hukumar da ke isar da hidimomin gwamnati ga jama'a, nan ma ta dawo hannu rabbana. A shekarar 2007 ɗin ta shigar da ƙara, da lauyanta David Baker.

Ba abubuwan marmari ba ne waɗannan. Aiki ne, fansho ne, ƙidaya ce wadda doka ta wajabta wa kowane gida.

Yadda makaho ke karanta shafi

Wanda bai taɓa ganin makaho a gaban kwamfuta ba, zai yi masa wuya ya gane inda gizo ke saƙa, don haka bari a ɗan tsaya a nan. Makaho yana amfani da wata manhaja da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, ko ta tura shi zuwa wata na'ura da ke fito da rubutun makafi a ƙarƙashin yatsu. A wancan lokaci JAWS ce ta fi yaɗuwa, kuma tana da tsada. A 2006 wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara gina NVDA wadda ake samu kyauta. Yau wayoyin iPhone suna zuwa da VoiceOver, na Android kuma da TalkBack. Makaho ba ya amfani da linzamin kwamfuta, tunda ba ya ganin inda kibiyar take. Da maɓallan rubutu yake tafiya, yana tsalle daga wannan gurbi zuwa wancan, manhajar tana gaya masa inda ya sauka.

Sai dai manhajar ba ta ganin shafi kamar yadda ido ke ganinsa. Rubutun da ke ƙarƙashin shafin take bi, wanda maginin shafi ya tsara. Idan maginin ya ɗaure kowane gurbi da sunansa, makaho zai ji: sunan farko, gurbin rubutu, ranar haihuwa, gurbin rubutu, a fara da shekara, sai wata, sai rana. Idan bai ɗaure ba, abin da zai ji shi ne: gurbin rubutu, gurbin rubutu, gurbin rubutu, maɓalli. Ga mai gani fom ɗin tsaf yake, kowane akwati da sunansa a gefe. Ga makaho akwatuna ne jere babu mai suna. Ya zuba lambar waya a wurin adireshi, ya danna maɓallin da bai san ko na aikawa ba ne ko na gogewa.

A ɗauki abin da ya sha kan Jodhan a shafin neman aiki. Akwai gurbin da ake rubuta ranar da mutum zai iya fara aiki, kuma shafin ba ya karɓar kwanan wata sai a tsari guda. Ta rubuta, an ƙi karɓa. Mai gani in ya gamu da haka yakan ga gargaɗi ya fito, ya duba misalin da ke gefe, ya gyara cikin daƙiƙa biyar, ko tunawa ba zai yi ba. Wanda ke bin murya kuwa, in ba a gina shafin yadda gargaɗin zai iso kunnensa da bayanin abin da ake so ba, sai ya yi ta maimaitawa yana canke, bai san laifin da ya yi ba. Gurbi ɗaya tak, amma ya isa ya raba mutum da neman aiki gaba ɗaya. Haka ƙananan tagogin da ke faɗowa a tsakiyar shafi: ido yana ganinsu nan take, manhajar kuwa tana iya ci gaba da karanta shafin da ke baya kamar ba abin da ya faru.

Takardar PDF ma haka take. In hoton takarda aka ɗauka aka liƙa, manhajar ba ta ganin ko harafi ɗaya. In kuma rubutu ne amma ba a yi wa jadawalin alama ba, sai ta zubo lambobi rututu, babu mai gaya maka wannan na wace shekara ne ko na wane lardi.

Gyaran yawancin waɗannan ba shi da wuya, kuma ba sabon ilimi ba ne. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994 don tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da jagorar da ake kira WCAG 1.0 tun watan Mayu 1999. A ciki akwai: a rubuta wa kowane hoto bayani, a sa wa kowane gurbi suna, a yi wa jadawali kanu, kada a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, a tabbatar komai yana aiki ba tare da linzami ba. Amfanin bai tsaya kan makafi ba. Kurma yana buƙatar rubutu a ƙarƙashin bidiyo. Mai shanyewar hannu ko mai karkarwa yana buƙatar maɓallai su wadatar da shi. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana buƙatar rubutu ya fita sosai daga bangon shafi, kuma ya ƙara girma ba tare da shafin ya wargaje ba.

Doka tana nan, mai dubawa ne babu

Hukumar Baitulmali, wadda ke tsara wa ma'aikatun tarayya ƙa'idojin gudanarwa, ta amince a 2000 da wani tsari na bai-ɗaya ga duk shafukan gwamnati, ana kiransa CLF a taƙaice. Tsarin ya tanadi kamannin shafi, da wurin tambarin ƙasa, da amfani da Ingilishi da Faransanci, ya kuma wajabta bin mataki na ɗaya da na biyu na WCAG 1.0. A takarda Kanada tana sahun gaba.

Matsalar tana wurin aiwatarwa. An ɗora alhakin bin ƙa'idar a wuyan shugaban kowace ma'aikata, ma'aikatu da hukumomi fiye da 100, kowa da shafukansa da maginansa da 'yan kwangilarsa. Ofishin da ke kula da tsarin a Baitulmali ƙarami ne, aikinsa ba da shawara, ba shi da sandar hukunta kowa. Kowace ma'aikata ita ke duba kanta, ita ke ba kanta maki. Da ofishin ya tashi yin binciken ɗanɗano a ma'aikatu 47, bai samu ko ɗaya da ta cika ƙa'idar ba. Matakin da ya biyo baya shi ne rubuta wasiƙu ga shugabannin waɗanda suka fi muni. Wannan bincike na gwamnati ne da kanta, kuma shi ya fi kowace hujja yi mata illa a gaban alƙali, domin ya nuna cewa abin da ya samu Jodhan ba tsautsayi ba ne a shafi biyu ko uku. Haka gidan yake gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi, ko da yake wannan ra'ayina ne, ba maganar kotu ba. A cikin tsarin nan guda aka wajabta harsuna biyu, aka kuma wajabta sauƙaƙa wa naƙasassu. Da wuya ka ga ma'aikatar tarayya ta saki shafi da Ingilishi zalla ta manta da Faransanci, domin akwai dokar harsunan hukuma tun 1969, akwai kwamishina mai karɓar ƙorafi, akwai 'yan majalisa daga lardin Kwibek mai magana da Faransanci da ba za su bari maganar ta kwana ba. Ma'aikaci ya san in ya yi sakaci a nan zai ji a jikinsa. In ya manta da bayanin hoto kuwa, ba wanda zai buga masa waya. Ma'aikatan da suka iya riƙe ƙa'ida ta farko su ne dai suka yi watsi da ta biyu.

Ban da rashin bi, ita kanta ƙa'idar ta tsufa. An rubuta WCAG 1.0 a zamanin da shafin intanet bai wuce rubutu da hotuna ba, har ta buƙaci shafi ya iya aiki ko da an kashe 'yan ƙananan manhajojin da ke motsa shi. Kafin 2007 hulɗa da gwamnati ta koma kan shafuka masu motsi, inda ake shiga da lambar sirri, a cike fom mataki-mataki, shafin yana sauyawa yayin da mutum ke rubutu. Gwamnati ta gina wata ƙofar tsaro mai suna ePass da ake bi kafin a isa ga irin waɗannan ayyuka, kuma ƙofar ba ta dace da ƙa'idar ba. Ma'ana, ko da shafin da ke ciki yana da kyau, makaho yana iya maƙalewa tun daga bakin ƙofa. W3C ta fitar da WCAG 2.0 a Disamba 2008, wadda ta yi la'akari da sabbin fasahohi, amma har zuwa lokacin da aka saurari ƙarar a 2010 gwamnati ba ta koma kanta ba. Jutta Treviranus ta Jami'ar Toronto, wadda ta ba da shaida a ɓangaren Jodhan a matsayin ƙwararriya, ta nuna cewa hanyoyin gina irin waɗannan shafuka yadda makafi za su amfana suna nan, ana kuma amfani da su a wasu wurare.

Adalci ne a faɗa cewa ba Kanada kaɗai ke cikin wannan hali ba. Wani bincike da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi a 2006 ya duba manyan shafuka 100 a ƙasashe 20, uku ne kawai suka kai matakin farko: na shugabar gwamnatin Jamus, da na gwamnatin Sifen, da na firaministan Birtaniya.

Ta buga waya mana

Lauyoyin gwamnati sun musanta wasu daga cikin misalan Jodhan, amma ƙashin bayan kariyarsu shi ne cewa intanet hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyi da dama. Wanda shafi ya gagare shi yana iya buga waya, ko ya je ofis, ko ya aika wasiƙa ko saƙon faks, ko ya nemi a turo masa bayanin da rubutun makafi. Tunda za ta samu abin da take nema ta wata hanyar, in ji su, ba a hana ta komai ba.

Hujjar tana da daɗin ji, kuma har yau ita ce amsar da ake ba masu irin wannan ƙorafi a ko'ina. Amma a auna ta da rayuwar mutum. Shafi a buɗe yake dare da rana. Layin waya yana da lokacin tashi, yana da jira. Mai gani zai zauna ya bi guraben aiki ɗari, ya kwatanta, ya koma baya, ya sake karanta sharaɗi sau uku. Wanda ake karanta wa ta waya sai abin da ma'aikacin ya ga dama ya karanto, kuma kunya ma ba za ta bar shi ya ce a maimaita sau biyar ba. Takardar rubutun makafi in an nema sai an buga, sai an aiko, wataƙila ta iso bayan an rufe karɓar takardun neman aikin. Sai kuma sirri. Tambayoyin ƙidaya da na fansho sun shafi kuɗin shiga, da lafiya, da wanda kake zaune da shi. Mai gani zai cike shi kaɗai a ɗakinsa. Ita kuwa sai ta faɗa wa wani da baki.

A taƙaice, gwamnati tana gaya wa macen da ke iya tafiyarta ita kaɗai da ta nemi ɗan jagora, bayan kuwa gwamnatin ce ta haƙa ramukan da ke kan hanyar.

Mai shari'a Kelen bai karɓi hujjar ba. Ya ce waɗannan hanyoyi ba su kai matsayin daidaito na haƙiƙa ba, kuma tilasta wa makaho dogaro da mai gani a abin da zai iya yi da kansa zubar masa da mutunci ne da 'yancin kai. Yana da madogara a hukuncin Kotun Ƙoli guda biyu. A shari'ar Eldridge ta 1997 kotun ta ce dole lardin British Columbia ya samar wa kurame masu fassara da yaren hannu a asibiti, domin ganin likita ba tare da fahimtar juna ba bai zama samun magani daidai da kowa ba. A shari'ar VIA Rail ta 2007 kuma, kamfanin jirgin ƙasa na gwamnati ya sayo taragai 139 da keken guragu ba ya iya ratsa su yadda ya kamata, ya ce ma'aikatansa za su riƙa ɗaukar mutum su mayar da shi kan wani ƙaramin keke. Kotun Ƙoli ta ƙi, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Ƙa'idar da ta fito daga shari'un biyu ita ce: in hukuma ta buɗe wa jama'a wata hidima, sai ta buɗe ta yadda mai naƙasa zai shiga da kansa, sai fa in ta tabbatar cewa yin hakan zai ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. A shari'ar Jodhan gwamnati ba ta iya nuna irin wannan nauyi ba. Da wuya ma ta iya, tunda abin da ake nema ta yi shi ne abin da ta riga ta umarci kanta.

Hukuncin ya tsaya kan sashe na 15 na Kundin Haƙƙoƙi da 'Yanci, wanda ya shiga tsarin mulki a 1982, sashen ya fara aiki a 1985. Kotu ta ce gazawar ta tsari ce, ta game ma'aikatu da dama. Ta ba da wata 15, ta umarci gwamnati ta biya dalar Kanada 150,000 kuɗin shari'a, sannan ta yi wani abu da kotunan ƙasar ba su cika yi ba: alƙalin ya riƙe ikon sa ido a kan aiwatar da hukuncin, yadda za a iya dawowa gabansa in an ga jan ƙafa.

Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Wannan mataki ya ba ƙungiyoyin makafi haushi ƙwarai, ganin cewa a watan Maris na 2010 ɗin Kanada ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya ambaci intanet da sunanta. Yarjejeniyar nan dai ita ce Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya kuma a 2010, don haka alkawarin ɗaya ne a kan kowa. Ranar 30 ga Mayu 2012 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, a hukuncin da Mai shari'a Marc Nadon ya rubuta, ta tabbatar da jigon maganar: an nuna wa Jodhan wariya, kuma waya da wasiƙa ba su wanke gwamnati ba. Amma ta taƙaita umarnin, ta ɗora nauyin a kan Hukumar Baitulmali da ma'aikatun da ke ƙarƙashin ikonta, ta kuma soke ikon sa idon da Kelen ya riƙe, bisa dalilin cewa wannan mataki ne na musamman, kuma al'ada ita ce a ɗauka gwamnati za ta bi hukuncin kotu da kanta.

A fuskar shari'a ana iya kare wannan matsayi. Kotu ba ofishin binciken shafuka ba ce. Amma abin da ɗaure kai. Shari'ar gaba ɗaya ta taso ne daga barin gwamnati ta duba kanta, sai kuma aka ƙare da barinta ta duba kanta.

Abin da ya biyo baya

Gaskiya an yi aiki, kuma an fara tun kafin hukuncin ɗaukaka ƙarar ya fito. Ranar 1 ga Agusta 2011 sabuwar ƙa'ida ta fara aiki, wadda ta wajabta WCAG 2.0 a matakin AA, wato na biyu cikin matakanta uku, aka raba aiwatarwa zango uku, na ƙarshe ya kai Yuli 2013. An fara da shafukan farko da waɗanda jama'a suka fi ziyarta. Ma'aikatu da yawa sun rage tarin tsofaffin shafukan da ba mai buɗewa, wasu aka yi musu alamar an adana su, wanda ke buƙata ya nema. Masu bincike da ma'aikatan ɗakin karatu sun yi ƙorafin cewa bayanai masu amfani sun ɓace a wannan shara, kuma ƙorafin yana kan hanya: goge shafi hanya ce mafi arha ta daina saɓa ƙa'ida.

Abin da ya fi amfani a ganina shi ne wani akwatin kayan gini da ake kira WET, wanda Baitulmali ta jagoranci haɗawa aka kuma sake shi kyauta a GitHub, dandalin da magina manhaja ke ajiye ayyukansu. A maimakon kowane magini a kowace ma'aikata ya ƙirƙiro nasa gurbin kwanan wata, nasa jerin zaɓi, nasa jadawali, sai ya ɗauko wanda aka riga aka gwada da manhajar makafi. Wannan ya fi takardar umarni tasiri, domin ya mayar da bin ƙa'ida hanya mafi sauƙi ga ma'aikacin da ke sauri. A Disamba 2013 aka buɗe Canada.ca da niyyar tattaro shafukan gwamnati wuri guda.

Sai dai kayan gini ba sa hana mutum ɗora takardar PDF marar alama gobe da safe. Shafin gwamnati ba gini ba ne da za a gama a miƙa makulli; kullum ana ƙara masa abu, kuma kowane ƙari dama ce ta ɓata abin da aka gyara. Manhajojin da ke duba shafi da kansu ma ba su wadatar ba. Hukumar da ke kula da shafukan gwamnatin Birtaniya ta gwada su a 2017 a kan wani shafi da aka cika da kurakurai da gangan, wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu ba ta gano ko rabi ba. Manhaja za ta gaya maka hoto yana da bayani, ba za ta gaya maka bayanin shirme ne ba. Sai an zaunar da makaho na gaske a gaban shafin, an ba shi aiki ya yi daga farko zuwa ƙarshe, ana kallo. Tarayyar Turai, da ta zo yin tata dokar a 2016, ta gane wannan giɓi: ta wajabta wa kowace hukuma ta wallafa bayanin inda shafinta ya gaza, ta buɗe hanyar kai ƙorafi, kowace ƙasa kuma ta naɗa mai bincike da zai riƙa kai rahoto.

Jodhan ba ta koma gida ta zauna ba. A 2014 ta shiga gaba wajen kafa ƙungiyar Barrier-Free Canada, mai fafutukar a yi dokar tarayya ta musamman, don kada kowane mai naƙasa ya riƙa ɗaukar lauya kafin a saurare shi. Dokar ta samu a 2019, a hannun minista Carla Qualtrough, wadda ita ma mai larurar gani ce kuma tsohuwar 'yar wasan ninƙaya a gasar naƙasassu ta duniya. Dokar ta sa ranar 1 ga Janairu 2040 a matsayin wa'adin kawar da shingaye, ta samar da kwamishina mai ikon bincike, ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa dala 250,000. Masu suka sun ce 2040 ta yi nisa, kuma da gaskiyarsu: wanda ya nemi aiki a 2004 yana da shekara 30 zai kai 66 a lokacin. Mutanen da abin ya shafa kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Binciken hukumar ƙididdiga na 2022 ya nuna kashi 27 cikin 100 na 'yan ƙasar masu shekara 15 zuwa sama, kimanin mutum miliyan 8, suna da wani nau'in naƙasa.

A Maris 2023 Babbar Mai Binciken Kuɗi ta Kanada, Karen Hogan, ta fitar da rahoto kan yadda masu naƙasa ke tafiye-tafiye. Masu bincikenta sun gwada shafin VIA Rail, kamfanin nan na shari'ar taragai, suka tarar mai amfani da manhajar karatu yana iya jin lokacin tashin jirgi ba daidai ba. Rahoton ya kuma duba hukumar sufurin da aka ɗora wa alhakin tabbatar da bin ƙa'idojin: tanade-tanade fiye da 450, kamfanoni da tashoshi fiye da 130, ma'aikatan da ke wannan aiki na cikakken lokaci kuma mutum huɗu.